Shekarar da Na Kusa Tafiya Ohala

Bari in fara da wautata, kafin baffanku Salihu ya riga ni ya ba ku ita da nasa gishirin. Ina ɗan shekara goma sha biyar ko sha shida na shafe watanni ina shirin tafiya wani gari da babu shi a doron ƙasa. Na wanke takalmina na roba domin tafiyar, na yi sallama da rabin yaran Ammariyya, har na yi wa mai tsaron ragarmu alkawarin zan aiko masa da safar hannu idan na isa. Sunan garin Ohala. Ku kuwa abin da kuka taso kuna ji daga bakina shi ne wani shahararren ɗan ƙwallo daga Maksik ya so ya tafi da ni ƙasarsu, kakanku ya hana, kuma shi ɗan ƙwallon bijimin sa ne ya soke shi a gwiwa ya kashe masa wasa. Duk sallar da na sake ba da labarin sai ƙahon san ya ƙara tsawo. Yanzu da ni ma gwiwoyina suka fara ƙara in na taso daga sujada, ina so in ajiye muku shi yadda ya faru. Da gangan na rubuta da Hausa. Wanda ta yi wa wuya ya kai wa uwarsa ta karanta masa.

Gidanmu yana can gefen Ammariyya, inda gine-ginen dutse suke ƙarewa a shiga na katako da kwano. A ƙofar gidan ne Abuya, wato mahaifina, yake gasa tsire, wanda mutanen Jidda suke kira sire, daga la'asar har nama ya ƙare. Sirrin sana'ar ba a hannunsa yake ba, yana cikin turmin mahaifiyarsa, Sitti Hauwa, wadda ta taho daga ƙasar Kano da ƙafa tana yarinya, ta yi shekaru a Sudan kafin ta ga teku. Ita ke daka yajin, kuma ba ta taɓa barin kowa ya ga abin da take zubawa daga ƙarshe ba. In ta gama sai ta zauna a bayan labulen zaure, tana jin duk abin da ake faɗa a waje, tana sa baki ba tare da an gayyace ta ba. Aikina fifita wuta da yanka albasa da tattara tsinkayen da aka ci aka yar. Aikin ƙanena Salihu shi ne yin duk abin da na gudu na bari. Gudun kuwa wuri ɗaya nake yinsa, barha, filin da ke bayan masallaci inda muke buga ƙwallo ba takalmi. Da Larabcin Jidda ƙwallo kora ce, kunnen Sitti kuma kura yake ji.

"A garinmu in an ce ga kura, gudu ake yi a shige ɗaki," in ji ta. "Nan kuwa an ce kura, yara sun bi ta a guje har da tuɓe riga. Allah ya shirya."

A shekarar ne aka tone titunan unguwarmu ana binne manyan bututun ruwa. Ko'ina rami, masu sayar da ruwa a jaki suna zagin ramukan suna zagin wanda ya kawo su. Cikin ma'aikatan kamfanin akwai mutanen ƙasashe iri-iri, amma ba su cika tsayawa wurinmu ba. Wata rana bayan la'asar sai ga wani gajere mai faɗin ƙirji, gashi baƙi wuluk, fatarsa kamar ta mutanen Yaman, yana ɗan ɗingishi. Ya wuce mu, ya tsaya, ya ɗaga hanci sama kamar akuyar da ta ji ƙanshin dusa, ya dawo da baya. Abuya yana da ƙa'ida: baƙon da ba namu ba kaɗan ake barbaɗa masa yaji, don kada a ɗauki alhakin ransa. Mutumin ya gatsa, ya tauna, ya dubi Abuya kamar an cuce shi, ya nuna kwanon yajin. Aka ƙara. Ya sake nunawa. Daga ƙarshe ya sa yatsu ya ɗibi yajin tsura ya watsa a baki. Hawayen da ya zubar a ranar sun isa kashe garwashinmu, amma dariya yake yi yana dukan ƙirji.

"Ya Bakur, yalla, maza kawo ruwa," in ji Abuya. "Mutum zai mutu mini a ƙofar gida, in ce wa 'yan sanda me?"

"Ba mutuwa zai yi ba, Abuya. Ƙari yake nema."

Da ya huce Abuya ya tambaye shi sunansa da Larabci. Ya dafa ƙirji ya ce Amado. Nan take labule ya motsa.

"Amadu? Ɗan gidan wa?"

"Sitti, ba namu ba ne," na ce. "Ya ce daga Maksik yake."

"Wace ce Makasiki? Ta wajen Damagaram?"

"Bayan teku ce, Sitti. Bayan wani tekun ma."

"Kai tafi can. Mutum sunansa Amadu, yana cin yaji da hannu, ka ce mini ba namu ba ne? Ɓata ya yi."

Daga ranar ya zama Amadu, ya kuma zama na wurinmu. In ya tashi aiki yakan zo ya zauna a benci, ya ci, ya yi kuka, ya yi dariya. Larabcinsa bai cika tafin hannu ba: kwayyis in abu ya yi kyau, mafi in babu, katir in da yawa, halas in an gama. Ni dai idona yana kansa. Ina so in san abin da ya raba mutum da ƙasarsa ya kawo shi haƙa rami a zafin Jidda, kuma me ya sa in hayaniyar barha ta tashi yakan daina tauna ya karkata kunne. Amsar ta zo da kanta. Wani yaro ya ɗirka ƙwallo ta tsallake katangar masallaci, ta nufo tsiren Abuya kai tsaye. Na riga na hango naman a ƙasa, na hango dukan da za a sha. Amadu yana zaune da tsinke a baki. Ya ɗan miƙe, ya tare ta da ƙirji, ta faɗo masa a ƙafa ta kwanta kamar kyanwa. Ya ɗaga ta da ɗan yatsa, ya sa mata goshi, ta haye titi ta shige bakin wani bututu da aka ajiye can gefen rami. Yaran da suka biyo ƙwallon suka tsaya baki buɗe. Shi kuwa ya ɗaga hannuwa ya saki wani ihu mai tsawo, gooool, har sai da numfashinsa ya ƙare. A Larabcinmu in an ce gul, cewa aka yi faɗi.

"Me zan faɗa?" in ji Sitti daga bayan labule. "Ya Bakur, tambaye shi me yake so a faɗa masa, ya daina yi mana ihu."

Yara suka kewaye shi da tambayoyi, ba ya ji, ba sa ji. Ban san abin da ya hau kaina ba sai na ji bakina yana cewa ni ina jin yarensu. Gaskiyar magana kalma uku na sani, si, wato e, da no, da gol ɗin nan da na ji yanzu. Amma na faɗa da ƙarfi, na kuma murtuke fuska, aka yarda. Haka na zama tafintan Amadu.

Labarin rayuwarsa a kan teburin Abuya ya ba mu shi, kaɗan-kaɗan, kowane zuwa da nasa yanki. Yakan tara tsinkayen da aka gama ci ya jera su kamar 'yan wasa, kofunan shayi biyu su zama raga, ƙaramar albasa ta zama ƙwallo. Cikin tsinkayen ya zaɓi ɗaya da wuta ta ƙona wa kai, ya dafa ƙirji: wannan shi ne. Ranar farko ya tara yaji ya yi tsibi, wato dutsen garinsu, ya karɓi maficina ya yi ta fifita, yana cewa papa, papa. Na juya na gaya wa yara ubansa sarki ne, ana yi masa fifita dare da rana. Sannan ya nuna ƙonannen tsinke yana sulalewa daga gindin dutsen yana bin albasa. Ya shiga wani ƙaramin nadi, abin da mutanen gida suke ce wa kulob, inda ladan wasa abinci ne da kujerar mota, ana tafiya garuruwa ana kwana a zaune. Ya nuna mana wurinsa a fili, can gaba, bayansa ga raga, masu tsaron baya biyu suna matse shi. Ya nuna goshinsa ya ce katir, ya nuna ƙafa ya ce kaɗan: da ka ya fi ci. Wani zuwan ya kawo wani dogon tsinke mai sanye da hular ɓawon albasa, ya tsaya gefen fili yana kallo, ya ɗauke ƙonannen ya kai shi ɗaya ƙarshen teburin. Babban birninsu ke nan, babban nadi. Ya zagaya hannu ya nuna girman filin, ya yi ta buɗe yatsu yana rufewa don mu gane yawan jama'a. Na ce wa yara filin yana ɗaukar duk mahajjatan Arafa har a bar wa raƙuma wuri. Ya yi haki ya nuna sama, na ce birnin tsabar tsayinsa 'yan wasa sunkuyawa suke yi in wata zai wuce. Sai da na tsufa wani likita ya gaya mini iska ce take ƙaranci a irin waɗannan garuruwa.

Yankin da muka fi so shi ne shekarar da ƙwallo ta yi ta shiga. Yakan ɗalle albasar da ɗan yatsa ta wuce tsakanin kofuna, ya yi ihunsa, mu taya shi, Abuya yana kare naman da hannu. Mun sa ya maimaita mana wannan yankin har albasar ta yi laushi. Amma akwai ranar da ya wuce gaba ba mu roƙa ba. Ya ɗalle albasa ta bi gefe. Ya ɗauko, ya sake, ta bugi kofi. Ya sake, ta faɗi ƙasa. Ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito mai ƙarfi, irin na mutanen da ransu ya ɓaci. Ya janye ƙonannen tsinke ya ajiye shi a bakin tebur, ya ce halas.

"Bakur, me ya ce?" in ji yaran. "Me ya same shi?"

Ban gane ba, ko kuma ban so in gane ba. Na dubi ƙafarsa mai ɗingishi, na tuna hoton wani bijimi da na gani a kan akwatin ashanarsa. Na ɗora yatsu a ka na yi ƙaho, na dube shi da alamar tambaya. Ya yi dariya ya ce si, si, katir. Shi a zatonsa tambaya nake yi ko akwai shanu a ƙasarsu. Daga nan aka haifi bijimin da kuka sani.

Ranar Juma'a ba sa aiki, sai ya fara biyo mu barha bayan la'asar. Ba ya gudu, tsayawa yake yi a tsakiya da hannu a baya. Ni a gaba nake wasa, kuma wasana ihu ne: a ba ni, ga ni nan, kai makaho ne. Rannan ya kama wuyan rigata ya ɗora yatsa a leɓe. Ya nuna mini yadda zan riƙa yawo a hankali, kai a sunkuye, kamar wanda takalminsa ya ɓace yake dubawa, har mai tsarona ya gaji ya manta da ni ya koma kallon ƙwallo. Sannan taku ɗaya, ka ɓullo inda ba a zata ba. Ya nuna idona, ya nuna ƙafafun mai tsaron raga: can za ka duba, ba ƙwallon ba. A gida kullum ana ce mini in yi shiru don a huta, wannan ne karon farko da aka ce in yi shiru don in ci riba. Na gwada, ta shiga. Na sake, ta sake shiga. Kafin wata ya ƙare yaran wata unguwa sun fara tambayar wane ne wannan ɗan mai siren.

Kaina ya kumbura. Wata rana na jira yara suka watse, na ɗauki sabon tsinke fari, na dafa ƙirjina. Na ajiye kwanon wanke hannu a tsakiyar tebur, teku ke nan. Na tsallakar da tsinken na dasa shi kusa da tsibin yaji.

"Ana," na ce, wato ni. "Maksik. Nadi. Kwayyis?"

Amadu ya dube ni ya daɗe. Ya yi murmushi, ya ɗaga gira, ya shafa kaina.

"Ohala," ya ce.

"Ohala?"

"Si. Ohala, ohala."

To me kuke so in fahimta? Na tambayi nadi, an ba ni suna. Kafin magariba duk barha ta san nadin Ohala ya ɗauke ni, da zarar an gama binne bututu zan bi Amadu a jirgin ruwa. Kafin Juma'a na san launin rigarsu, na san garin yana da kogi.

Ana cikin haka Khali Usman ya zo, ƙanen mahaifiyarmu, Bahaushen Sudan, makanike a wata warsha ta gyaran manyan motoci. Dole in tsaya in bayyana muku nauyin abin da ya kawo, domin ku kun taso kun tarar da komai a shirye. Ni da Salihu a Jidda aka haife mu, amma ba mu da takarda ko ɗaya, kuma na kai girman da ɗan sanda zai tsayar da ni a titi ya tambaya. Mu'allim, mai warshar, ya yarda zai ɗauki yaro ɗaya, ya koya masa aiki, ya tsaya masa kafili, wato mai lamunce shi, a yi masa iƙama, takardar izinin zama. Khali ya daɗe yana lallashinsa kafin ya amsa. Yaro ɗaya, kuma ni ne babba.

"Bakur, gobe da safe ka wanke ƙafa ka biyo ni," in ji Khali.

"Khali, Allah ya saka da alheri. Amma ni an riga an ɗauke ni."

"Wa ya ɗauke ka?"

"Nadin Ohala."

"Nadin me?"

"Ohala. A Maksik. Amadu ne ya yi mini hanya."

"Ni dai na sha jin kalmar nan a bakin Amadu," in ji Sitti. "Akwai sunan Allah a wutsiyarta."

"Haba Sitti, haka sunayen garuruwa suke. Khali, ba ga Kasala a Sudan ba? Ita ma ai da la ta ƙare."

"Kasala kam ka san hanyarta," in ji Khali. "Ba sai an yi maka rakiya ba."

Abuya bai yi dariya ba. Yana feƙe tsinke, bai ɗago ba.

"Ka tambayi mutumin da kyau?"

"Da yarensu ma muka yi maganar, Abuya."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"In na kai ka da ƙarfi, kwana kaɗan za ka tsere barha, ka zubar wa khalinka da mutunci, wurin ya kuɓuce mana gaba ɗaya." Ya ajiye wuƙar. "Salihu, wanke ƙafarka."

Na tashi ina jin kamar na ci ƙwallo. Har tausayin Salihu na ji.

Abin da ya fara damuna shi ne yadda sunan garin nan yake yawan fitowa daga bakin Amadu a wuraren da bai kamata ba. Rannan hadari ya haɗu ta wajen teku, abin da ba mu cika gani ba, wani mai saye ya ce ko za a yi ruwa. Amadu ya dubi sama ya ce ohala. Na ce a raina, ai garin mai ruwa ne, kewa ta kama shi. Wani zuwan Abuya ya nuna ƙafarsa ya tambaya ko tana sauƙi, ya ce ohala. Na ce to, akwai babban asibiti a can. Sai ranar da Salihu ya dawo daga warsha baƙi ƙirin da man inji, haƙora kawai ake gani, Abuya ya nuna shi da alfahari ya ce wata rana mu'allim ne wannan. Amadu ya gyaɗa kai ya ce ohala. Na daina fifita. Ashe har Salihu za a tafi da shi? Ina cikin wannan kishin ne na ga Abuya ya ajiye naman da ke hannunsa, ya goge yatsu a hankali.

"Ya Amadu," ya ce. "Ohala." Ya nuna sama da yatsa. "In sha Allah?"

Fuskar Amadu ta washe kamar wanda ya haɗu da ɗan garinsu a kasuwa. Ya tashi tsaye ya kama hannun Abuya.

"Si! Aiwa! In sha Allah, ohala, sawa sawa!" Wato duk abu ɗaya ne.

"Ban faɗa ba?" in ji labule.

Ba wanda ya dube ni, kuma wannan ya fi duka ciwo. Ni ɗan mai tsire ne, na san kowane irin in sha Allah da ake yi a Jidda. Akwai na wanda zai dawo gobe, akwai na wanda ba za ka ƙara ganinsa ba, akwai kuma wanda babba yake yi wa yaro yana shafa kansa don kada ya karya masa zuciya. Da da Larabci ya faɗa mini, da tun a wurin na gane wanne ne. Na ci gaba da fifita har toka ta tashi ta rufe naman.

Amadu ya lura wani abu ya lalace, ya yi ta tambaya da hannu. A ranar ni na ba da labari a kan teburin. Na karɓi sifanar da ke aljihun Salihu na ajiye. Na kawo farin tsinke kusa da ita, na juya masa baya, na nufar da shi kwanon ruwa ina cewa ohala, ohala. Na ɗauki wani tsinke ƙarami na jingina shi da sifanar. Amadu ya dubi tebur, ya dubi Salihu, ya dube ni, ya ɗora hannu biyu a ka. Washegari ya bar aikinsa ya ja ni har warsha da ɗingishinsa. Ya zuba wa mu'allim duk Larabcinsa, kwayyis da katir, yana nuna ni. Mu'allim ya saurara cikin ladabi, ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce yaro ɗaya aka yi magana, halas. Khali Usman ya ja ni gefe.

"Kai ne babba. In kana so, zan ce wa mu'allim tun farko kai aka nufa, Salihu riƙon ƙwarya ya yi. Ba a kai maganar takardarsa ofis ba tukuna. Ka faɗa yanzu."

Na waiwaya. Salihu yana kwance ƙarƙashin wata babbar mota, ƙafafunsa kawai ake gani, suna rawa, yana waƙa. Duk shekarun da ya yi yana ƙarasa aikina a bakin wuta ban taɓa jin ya yi waƙa ba. Na ce wa Khali a bar shi. Kada ku ɗauke ni waliyyi: rabin dalilin waƙar ce, ɗaya rabin kuwa ba zan iya jure yaran barha su gan ni cikin man inji bayan na yi musu sallama ba. Har yau ban san wane rabin ya fi nauyi ba.

Da muka dawo Amadu ya zauna a benci, bai nemi tsire ba. Ya jera tsinkaye ya sake yin yankin ƙarshe, a hankali, yana duban idona, ba yaro ko ɗaya da zan yi wa fassara. Da ya zo wurin fito na ɗaga yatsu zan yi ƙaho, ya riƙe hannuna ya ce no. Ya naɗe wando ya nuna mini gwiwoyinsa biyu, sumul, ko tabon faɗuwa babu. Ya nuna tafin ƙafar da yake ɗingisawa, ya nuna bututun da ke tsallaken titi: a nan Jidda ɗaya ya suɓuce ya faɗo masa. Sannan ya koma kan albasa. Gefe. Kofi. Sama. Ya ɗaga kafaɗa, ya buɗe hannuwa, ya nuna cewa ba abin da ya canza, goshin nan ne, ƙafar nan ce. Dogon tsinke mai hula ya kawo wani sabo ya sa a wurinsa. Ƙonannen ya koma ƙaramin nadi, daga nan wanda ya fi shi ƙanƙanta, har ya kai ƙarshen tebur. Amadu ya ɗauke shi ya jefa a kwandon da nake tara tsinkayen da aka gama da su. Ya miƙa hannu Abuya ya ba shi wuƙa, abin da Abuya ba ya yi wa kowa. Ya jawo tsoka ya shiga yanka ta, sirara, daidai wa daida, ko kallon hannunsa ba ya yi. Ya nuna maficina ya ce papa. Ya kwantar da tafin hannu a kunci ya rufe ido, ya nuna kansa, ya nuna nesa: uban ya rasu yana can wani gari yana bin albasa.

"Ashe ɗan mai nama ne," in ji Abuya. "Ya Bakur, ina sarkin da ake yi wa fifita?"

Ga yadda abin ya ƙare. Salihu ya sami iƙamarsa a warshar nan, ya zama mu'allim, garejin da kuke kai motocinku a Bani Malik nasa ne. Ni na yi shekaru ina kauce wa manyan tituna kafin wani mai gidan abinci ya tsaya mini. Na ci gaba da wasa a barha har gemu ya fito, na je wani nadi sau ɗaya suka ce ba sa rubuta wanda ba shi da takardar ƙasa, na dawo na karɓi wuƙar Abuya. Kakanku bai hana ni zuwa ko'ina ba. Amadu ya tafi da aka gama binne bututu, da gwangwanin yaji wanda Sitti ta daka masa da hannunta ta ce ya kai wa danginsa na Damagaram, kuma ba mu sake jin labarinsa ba. Bai shahara yadda na ce ba, shekara ɗaya ya yi yana haskawa. Ba sa, ba ƙaho, ba karaya. Ƙwallon ce kawai ta daina shiga.